In Ta Ji Sauƙi a Rage

A bazarar da ta biyo bayan zaɓen nan da muka yi layi muka jefa takarda cikin akwati, wadda rijiyar bakin masallacin Wagini ta ƙafe har mata suka koma tonon yashi a rafi, a cikinta ne sankarau ya shigo mana. Sunana Isiyaku, manomi ne ni, na wuce shekara arba'in, kuma shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na rubuta wannan ne domin duk wanda za a miƙa wa magani da 'yar takarda a ce masa ya tafi gida. Kada ya yi saurin tafiya. Ya fara jin abin da ya same ni.

Kulu ɗiyata ce ta huɗu, shekararta takwas. Wata rana da hantsi ta dawo daga zuba wa awaki harawa ta ce kanta na sarawa. Kafin la'asar jikinta ya yi zafi kamar dutsen da rana ta yini a kansa. Gida ɗaya muke da yayana Mamman. Shi ne babban gandu tun rasuwar mahaifinmu, abin da ya faɗa shi ake yi, kuma a shekara arba'in ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya zo ya kama kanta, ya lanƙwasa gaba, ya lanƙwasa baya.

"Wuya lafiya lau," in ji shi. "Sankarau sandarar da wuya yake yi. Wannan zazzaɓin rana ne. Kada wanda ya kai magana wurin mai gari, su zo su kwashe muna yara zuwa rumfa."

Rumfar da yake nufi ita ce wadda likitoci suka kafa da zana a bayan garin Safana domin masu sankarau. Kowa na tsoronta, domin mun fi jin labarin waɗanda aka haƙa wa rami a can fiye da na waɗanda suka dawo. Saboda haka aka jiƙa tsamiya. Liman ya yi rubutu aka ba ta. Goggonmu ta kawo saiwa ta yi mata hayaƙi har yarinya ta riƙa tari. Kowa da nasa, kuma duk na bari aka yi.

Da gari ya waye uwarta, Binta, ta kira ni. "Malam, taɓa ƙafarta."

Na taɓa. Sanyi ƙalau kamar gindin randa, alhali ƙirjinta wuta ne. A tafin ƙafar da cikin farin idonta akwai ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an yarfa tawada. Tun jiya ba ta yi fitsari ba. Na kira sunanta, ta dube ni ta ce in kore mata kajin da ke kan rufi. Babu kaza ko ɗaya.

Na ce bari in jira Yaya ya fito mu yi shawara. Binta ta sunkuya ta goya yarinya 'yar shekara takwas kamar jaririya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ko ka ɗaura wa jaki mangala, ko in fita da ita da ƙafata kowa shi gan ni."

Na ɗaura. Ina gode wa matar nan har gobe.

Mun isa rumfa bayan azahar. Ban taɓa ganin mutane kwance da yawa haka ba. Tabarma na gogar tabarma, wasu a ƙarƙashin itace domin rumfa ta cika. A bakin shiga akwai tebur, bayansa wani malamin asibiti, saurayi mai agogon hannu. Ba zan rubuta sunansa ba, Allah ya san shi. Ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Na ce masa na iya sa hannu, na karɓi alƙalami na rubuta Isiyaku a hankali. Ya ɗaga littafin ya nuna wa na kusa da shi.

"Jama'a, yau mun yi baƙon ɗan boko daga Wagini!"

Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Ya kama wuyan Kulu ya juya, daidai yadda Yaya ya yi, ya ce ba ta sandare ba, mu koma bayan layi, akwai waɗanda suka fi ta. Muka koma. Muna zaune a rana, numfashinta na ta ƙara sauri kamar na ɗan tsako, ni kuwa ina cewa Binta ta yi haƙuri layi na tafiya.

Allah ne ya kawo likitan ta wurin. Bature ne dogo, ramamme, rana ta ƙone masa wuya. Ya wuce mu, sai ya dawo. Ya durƙusa a ƙasa ya kama wuyan hannunta, ya lalaba, ya sake lalabawa, bai sami abin da yake nema ba. Ya matsa farcenta ya saki, farcen ya tsaya fari. Sai ya daka wata tsawa da Turanci, nan take mutum uku suka rugo. Shi da kansa ya ɗauke ta. Aka rataye kwalbar ruwa a gwafar rumfa aka sa mata a jijiya, aka yi mata allurar sankarau irin ta kowa. Daga nan ya buɗe wani ɗan akwati da ba ya rabuwa da shi, ya fiddo wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ya zuƙe ta cikin allura. Ya dube ni ya faɗi kalma guda, ya maimaita: "Kotizon." Wani dattijon ma'aikaci, mutumin wajen Zakka, ya ce mini: "Ƙarfin jininta ne ya faɗi ƙasa. Wannan ita za ta ɗaga shi, in Allah ya so. Kaɗan ta rage masa, ba kowa yake yi wa ba."

Washegari da safe ƙafar Kulu ta yi ɗumi. Da hantsi ta jiƙa tabarma sharkaf. Ban taɓa ganin macen da ta yi murna da fitsarin kwance kamar Binta a ranar ba, har tana nuna wa matar da ke kusa da mu. A kwana na uku yarinya ta buɗe ido sosai ta ce, "Baba, wa ke ba awakina ruwa?"

Ba zan ɓoye alheri ba domin ina cikin fushi. Mutumin nan ya ɗauko mini ɗiya daga bakin kabari da hannunsa. Na ga ranar da ya yini tsaye bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa.

Sati na biyu aka daina allurar aka koma ƙwaya, 'yar ƙarama fara, biyu da safe biyu da yamma. Yatsun ƙafarta biyu na hagu sun yi baƙi sun bushe, dattijon ya ce jini ne bai kai gare su ba a ranar farko, ba za su dawo ba. Muka ce ai yatsa ba rai ba ne. Ci kuwa, sai ka ce fara ta sauka a gona. Surukata takan aiko da fura daga Zakka, Kulu ta shanye nata ta sa ido a kan namu. Surukar ta aiko kuma da saƙo cewa a kawo mata jikarta a yi mata ƙaho a fitar da mugun jini. Wannan dai na ƙi.

Ranar da muka cika kwana goma sha ɗaya aka ce a sallame mu, domin akwai yara uku da ke jiran tabarmarmu. Likitan ya tsaya a gaban tebur ya ƙirga ƙwayoyi ya zuba cikin ambulan. Ya yi wa malamin mai agogo magana mai tsawo. Ina kallon hannunsa: ya ɗaga yatsu huɗu, sai uku, sai biyu, sai ɗaya. Ya bugi tebur da yatsa sau biyu. Aka kira shi wurin wani yaro da ke shure-shure, ya tafi da gudu. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, ni da zan ba da maganin.

Malamin ya ja ambulan ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, ya cillo mini.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mi likita ya ce?"

"Ba kai ne ɗan boko ba? Ga shi nan na rubuta maka da Hausa. Karanta."

Na karanta a hankali, baƙi bayan baƙi. IN TA JI SAUKI A RAGE.

"A rage kamar yaya, ranka shi daɗe?"

"Ikon Allah! Sai na fassara maka Hausa da Hausa? Baba, dubi bayanka, mutum ɗari ke jirana. Na gaba!"

Na dubi bayana. Da gaske mutane ne, kowa da ɗansa a hannu, kowa na harara ta. Kunya ta kama ni. Na ce a raina in na sake tambaya za a ce ɗan bokon Wagini bai iya karatu ba. Na sa ambulan a aljihu, na yi godiya. Godiya fa na yi masa!

Mun dawo gida aka cika da barka. Kwana uku na ci gaba da ba ta yadda na ga ana yi, biyu da safe biyu da yamma. Kumatunta suka cika kamar ta ɓoye goro a baki. Tana ɗingishi, amma har bakin garken awaki take zuwa. A rana ta uku da yamma Yaya ya kira ni zaure ya ce in karanta masa takardar. Na karanta.

"To, ai magana ta fito," in ji shi. "Ta ji sauƙi ko ba ta ji ba?"

"Ta ji, Yaya."

"In aka ajiye maka tuwo aka ce ka rage, mi ake nufi?"

"Ka bar wa na baya."

"Madalla. Bature ya san cuta na gari, ya san ba zai iya zuwa gida-gida ba. Shi ya sa ya ce in ta tashi a rage wa sauran. Yara goma sha huɗu ke gidan nan, Isiya. Jiya aka fitar da biyu daga gidan Sarkin Aska."

Na ce, "Yaya, ko kuma a rage yawa yake nufi, kamar yadda ake rage wa doki hatsi. Na ga yana nuna yatsu."

"Yatsu nawa? Kwana yake ƙirgawa ko ƙwaya?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Daga bayan zana Binta ta ce, "Yaya, a bari ta shanye, tunda don ita aka bayar."

"Ki dubi kumatunta, magani ya fara yi mata yawa. Ko nono, rana ɗaya ake yaye yaro, kuka yake yi ya haƙura. Kawo, Isiya."

Yaya ba mugu ba ne. 'Ya'yanmu yake tunani, har da nawa. Amma ni ne na ga yatsun likita, ni ne na karanta takardar, kuma zuciyata tana gaya mini ba haka ba ne. Na miƙa masa. Ya juye ƙwayoyin cikin gwangwanin taba, ya sa a adakarsa ya datse kwaɗo.

Rana ta farko ba mu ga komai ba, sai dai ba ta je wurin awaki ba. Rana ta biyu ta ture fura. Binta ta same ta a madafa tana lasar gishiri daga tafin hannu, ta ce shi kaɗai take sha'awa. Muka yi dariya, muka ce kwaɗayin mai tashi daga ciwo ne. Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwar Batsari, Yaya ya tafi da sassafe da mabuɗinsa a aljihu. Da hantsi Kulu ta fara amai, tana riƙe ciki. Ta tashi za ta fita, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Na taɓa tafin ƙafar. Na san wannan sanyin.

Binta ta ɗauko gatari ta sa mini a hannu. "Fasa adakar."

Na shiga ɗakin Yaya. Matarsa na tsaye tana kallona. Kwaɗon ɗan ƙarami ne, sara ɗaya ya ishe shi. Na tsaya. Na tuna a adakar nan rigar mahaifinmu take. Na tuna abin da za a ce a gari: ƙane ya fasa akwatin wansa da gatari, maigida ba ya nan. Na ce ai kasuwa na watsewa da la'asar. Na jingine gatarin a bango na fito, na ce wa Binta ta ƙara haƙuri kaɗan.

Abin da ta ce mini ba zan rubuta ba. Gaskiya ta faɗa.

Yaya ya dawo rana na shirin faɗuwa. Da ya ga yarinyar bai tsaya cire takalmi ba, ya buɗe adaka. Muka ba ta guda biyu. Ba su zauna ba, ta amayar da su. Da asuba muka ɗora ta a jaki, Yaya da kansa ke ja. Muna hango itatuwan Zakka Binta ta ce mu tsaya, Kulu ta cika. A can muka rufe ta, a garin kakanninta na wajen uwa, kafin azahar.

Kwana bakwai ina zaune a tabarma ana shigowa ana cewa sai haƙuri, sai haƙuri. Wani har ya ce, "Ai Isiyaku ba sai an faɗa mishi ba, shi ke koya muna." Na yarda da ƙaddara. Ranta ba a hannuna yake ba, ba a hannun likita yake ba. Amma gatarin a hannuna yake, kuma ba ƙaddara za a tambaya a kansa ba.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki ambulan da gwangwanin na koma rumfa da ƙafa. Ban bi layi ba. Na nemi dattijon nan na wajen Zakka na ce ya tsaya mini tafinta, na ajiye gwangwanin gaban likita. Ya zube ƙwayoyin ya ƙirga, fuskarsa ta yi ja. Ga abin da ya faɗa, kamar yadda dattijon ya mayar mini, na roƙi duk mai karatu ya riƙe shi.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, ita ke riƙe wa mutum ƙarfin jininsa idan ciwo ya tsananta. Irin sankarau ɗin da ya kama Kulu ba wuya yake fara bi ba, jini yake bi, ya raunana waɗannan tsokoki. Kotizon, wato ƙwayoyin nan, aikinsu yake karɓa. Idan ya daɗe yana yi musu aiki sai su kwanta, ba sa tashi rana ɗaya. Dattijon ya ce kamar bangon da ruwa ya ci ne aka tokare shi da itace: ɗaya-ɗaya ake zare tokarin ana duba bangon, in ka zare duka sai ya danne ka. Abin da likita ya faɗa ranar sallama shi ne, huɗu kwana uku, uku kwana uku, biyu kwana uku, ɗaya kwana uku. Talatin cif ya ƙirga. Babu wadda za ta saura. In kuwa ta fara amai ko jiki ya saki, a dawo da ita a ranar, domin allura za a yi.

Na ce, "To in da wani yaro ya kamu a gida mun ba shi wannan?"

Ya girgiza kai. Ita kaɗai ba ta kashe cutar. Ba ta da amfani ga kowa a gidanmu sai Kulu.

Ya sa aka tambaye ni me ya hana ni tambaya tunda ban gane ba. Na ce na tambaya sau biyu. Aka kira mai agogo. Ya ɗauki ambulan ya duba, ya ce shi Hausa ya rubuta mai kyau, laifinsa ne in mutanen ƙauye ba su jin yarensu? A nan ne muryata ta fita, irin fitar da ban san tana da ita ba. Na ce masa lambobi huɗu ne, huɗu, uku, biyu, ɗaya, ko ni da na fara riƙe fensir da furfura zan iya rubuta su kafin ya duba agogonsa. Na ce magana mai tsawon kamu goma aka ba shi ya yanko mini taƙi ɗaya. Da na yi wannan ihun sati biyu da suka wuce, da kunyar minti ɗaya kawai zan ji.

Likitan ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, "Sai hankuri." Ashe ya iya wannan. Shekarunsa a ƙasarmu ya koyi kalmar da ake faɗa wa mai gawa, bai koyi ƙirga huɗu da bakin mai rai ba. Na gode masa a kan ranar farko, har yanzu ina gode masa. Amma ban amsa wannan ba.

Ga abin da nake faɗa wa 'yan'uwana. Sankarau ba dole ya sandarar da wuya ba. In ka ga jiki zafi, hannu da ƙafa sanyi, ga ɗigo masu duhu, ga fitsari ya ɗauke, kada ka jira kowa ya fito daga ɗaki. In an ba ka magani, kada ka ɗaga ƙafa sai an faɗa maka guda nawa, sau nawa, kwana nawa, kai ma ka maimaita da bakinka. A yi maka dariya. Kuma maganin da aka ba mutum ɗaya ba tuwo ba ne da za a bar wa na baya.

Abin da muka rasa shi ne wannan. Kwana ashirin na jinya, daidai lokacin sharar gona, shi ya sa gonar fadama ta kwana bana. Awaki uku, biyu a jinya, ɗaya a sadaka. Akushi ɗaya da muke ci ni da Yaya tun muna yara. Yanzu kowa da nasa, ba wanda ya ce a raba, kuma ba ya iya haɗa ido da ni. Binta, wadda ta zauna a Zakka bayan addu'ar arba'in, na aika sau biyu ba ta dawo ba. Ƙwaya goma sha shida da muka rage, babu yaron da ya sha ko ɗaya. Da Hauwa'u, wadda muke kira Kulu, shekara takwas.